Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙasa: Wa Ke Cinye Fanshon Dattawanmu Na Tsallaken Iyaka?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa, Alhaji Bola Ahmed Tinubu.

Ranka ya daɗe, daga Illela nake rubuto maka, a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, kuma tura ce ta kai bango.

Maganata a kan tsofaffin ma'aikatan Najeriya ce da suka ajiye aiki suka koma Birnin Ƙonni, ko Madawa, ko Tawa da zama. Cikinsu akwai tsohon ɗan sanda, akwai malamin asibiti, akwai ma'aikacin gidan waya. Wani matarsa 'yar can ce, wani 'ya'yansa ne suka ɗauke shi don su riƙe shi, wani gonar gado ya bi. Ba gudun ƙasa suka yi ba. Daga nan zuwa Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce a babur, kuma dangi ɗaya muke tun kafin Turawa su ja layi a tsakaninmu.

Doka ba ta yi mana rowa ba. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a ɗora haraji a kan fanshon ma'aikacin tarayya, sashe na 210 ya faɗi haka game da na jiha. Dokar gyaran fansho ta 2014 ta ƙara jaddadawa. Kai ma da ka sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, ba ka taɓa fansho ba. Wannan kam mun yaba, Allah ya saka.

To amma, ranka ya daɗe, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. An ce ba haraji, alhali kowane wata sai an yanke wa dattijon nan kaso kafin kuɗinsa ya zama tuwo.

Ka zo ka gani da idonka a ƙarshen wata. Tsoho ya hau bayan ɗan kabu-kabu da sandarsa, ya ratsa shingaye, ya sauka a rumfar mai POS. Nan za a cire caji, a cire naira 50 ta gwamnati da ke hawa kan duk dubu goma zuwa sama. Daga nan sai gindin ɗan canji, wanda zai danna kalkuleta ya juyo masa da ita ya gani. Sai ya ƙirga sefar da aka miƙo masa, ya sake ƙirgawa, ya ninke ta cikin aljihun 'yar ciki, ba ya ko iya magana. An ce ba haraji, to wannan sunansa me?

Babban yankan kuwa daga Abuja ya fito. Kafin ka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin Yunin 2023, dalar Amurka tana kusan naira 460 a hukumance. A 2024 ta haura 1,500. Ita kuwa sefa tana ɗaure da Yuro, ba ta motsa ba. Gero a Ƙonni da sefa ake auna shi, magani da sefa, kuɗin haya da sefa. Mutumin da fanshonsa ke kai shi ƙarshen wata, yanzu kafin sati biyu ya shiga cin bashi. Babu jami'in da ya yanka masa rasit, amma fiye da rabin guminsa ya tafi. An ce ba haraji! Wallahi da an fito fili an ce ana cire masa kashi goma cikin ɗari, da ya fi masa sauƙi.

Wancan sashe na 173 ɗin dai shi ne ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Ina dubawar da ta yi daidai da faɗuwar naira?

Sauran koke-koken lissafa su kawai zan yi. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da na Agustan 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da tsofaffi suka riƙa bin hanyoyin daji don su zo su karɓi haƙƙinsu. Tantancewar da ke sa mai ciwon ƙafa ya yi tattaki har Sakkwato don ya nuna yana raye. Zawarawan da takardun mazajensu suka maƙale. Ga kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025, wadda ta bar mutane cikin zulumin abin da gobe za ta haifar.

Kai ne ka buɗe mana iyaka a Maris 2024, ba mu manta ba. Ka ƙarasa ladanka. A gyara fansho yadda Kundin Tsarin Mulki ya ce. A ɗauke wa kuɗin fansho cajin banki. A kawo tantancewa nan Illela. A kuma sa Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, ta samo hanyar da tsoho zai karɓi kuɗinsa inda yake zaune, tare da tabbaci a rubuce cewa ba za a nemi haraji a kansa ba, nan ko can.

Ranka ya daɗe, kai ma ka yi zaman gudun hijira a zamanin Abacha, ka san yadda zama a ƙasar wani yake. Kai ma dattijo ne. Waɗannan bayin Allah suna da 'ya'ya da jikoki masu katin zaɓe a Illela da Gada da Gwadabawa, kuma suna kallo. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, haƙƙin ma'aikaci ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma akwai ranar da za a tambaye ka a kansa.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Illela, Jihar Sakkwato.