A Bar Yara Su Ci Baga, Amma a Gida, Kuma Ya Gasu Har Ciki



A wannan fitowar za mu taɓo wani abinci da ke raba kan gida, wato baga. Yara suna so, iyaye mata suna kukan tsadarsa, dattawa kuma da sun ji sunan sai su kau da kai. Tun da KFC ta buɗe a Osu a 2011, wasu shagunan suka biyo baya a manyan kantunan Accra da Kumasi, yaron Nima ko na Aboabo ya san baga kamar yadda ya san waakye da koko da ƙosai. In an hana shi a gida zai ci a bayan ido. Mu da muke tsaye a kantin magani muna ganin abin da jama'a ke zuwa saye, ra'ayinmu shi ne a dawo da baga cikin gida, inda uwa ta san naman, ta san gishirin da ya shiga, ta kuma san ko ya gasu.

Bari mu fara kawar da wani zargi. Wasu dattawa suna jin "hambaga" sai su ɗauka akwai alade a cikin sunan. Sunan daga birnin Hamburg na Jamus ya fito, birnin nan da ya ba mu kalmar "boga" da muke kiran wanda ya dawo daga Turai da ita. Asalin abin naman sa ne da aka daddatsa aka gasa, aka sa a tsakiyar burodi. Tambayar da ta dace da Musulmi ita ce wa ya yanka dabbar, kuma wanda ya saya a wurin mahaucin unguwa ba ya bukatar tambaya.

In akwai mutanen da ya kamata su fi kowa iya baga a ƙasar nan, mu ne. Fawa sana'ar zango ce tun kakanni. Daga kasuwar shanu ta Tulaku a Ashaiman har teburin mahauci a kasuwar Nima, hannun 'yan'uwanmu ne a kai, kuma cicingar da duk Ghana ke ci daga wurinmu ta fito. Abin kunya ne a ce yaranmu sai sun hau mota zuwa kanti kafin su ci gasasshen nama a cikin burodi.

Ku je wurin mahauci da safe, lokacin da naman bai daɗe a kan tebur ba. Ku ce ya ba ku na kafaɗa ko na wuya, tsoka da ɗan kitse a jikinta. Kada ku ce zalla tsoka, domin baga marar kitse bushewa yake kamar kilishi, sai a koma ana cika shi da mayonis don ya haɗiyu, an gudu ba a tsira ba ke nan. Kashi ɗaya cikin biyar kitse, sauran tsoka, shi ne ma'aunin da masu sana'ar suka daɗe a kai. Laba ɗaya, kusan giram 450, za ta ba da baga 4 masu kyau.

Inda muka fi so a saurare mu shi ne nan. Niƙaƙƙen nama daban yake da tsire. Ƙwayoyin cuta da ke hawa nama wajen yanka da fiɗa a bayansa suke zama. In an gasa yanka guda, wuta tana fara cin bayan, ta kashe su. Amma da an niƙa nama, abin da ke baya ya koma ciki, ya watsu ko'ina. Baga zai iya ƙonewa a waje, cikinsa yana nan da ƙwayoyi da ransu. A 1993, a yammacin Amurka, bagan da bai gasu ba na shagunan Jack in the Box ya kwantar da mutane sama da 700, yara 4 suka rasu. Ƙwayar da ta yi wannan aiki, E. coli O157, a hanjin shanu take zama, saniyar kuma lafiyarta lau, ba ta nuna wata alama. A ƙasar da ke da masu duba nama da firij a kowane shago aka yi wannan. To ina ga namu teburin, da rana da ƙuda?

Saboda haka ba mu goyon bayan sayen naman da aka riga aka niƙa aka ajiye, ba a san tun yaushe ba, balle a kai shi injin da ba a san me ya niƙa kafin naku ba. Ku kawo yankanku gida. Ku cire jijiya, ku yanka ƙanana, ku sa a firiza kamar minti 20 ya ɗan daskare, sannan ku daddatsa da wuƙa mai kaifi a kan katako mai tsabta. Akwai aiki, amma naman da aka datsa da wuƙa ya fi na inji daɗin tauna nesa ba kusa ba. In babu wuta, dumso ya zo, to a datsa a gasa nan take. A zafin garin nan kada niƙaƙƙen nama ya wuce awa 1 a waje, a firij ma kada ya wuce kwana 2. Katakon da wuƙar da hannun da suka taɓa ɗanyen nama, sai an wanke su da sabulu kafin su taɓa tumatir ko burodi.

Wajen mulmulawa, a yi da sauƙin hannu. Iyayenmu mata sun saba da kirɓa fura da tuƙa tuwo, sai su kama nama da wannan ƙarfin, baga ya fito da tauri kamar roba. A tattara shi kawai har ya haɗe, a faɗaɗa ya ɗan fi burodin faɗi don zai tsuke a wuta, kaurinsa kada ya wuce na yatsa. A danna tsakiya da babban yatsa ya ɗan lotsa, don kada ya kumbura ya zama ƙwallo. Gishiri a bayansa ake barbaɗawa, daf da sa shi a wuta. In aka cuɗa shi a ciki tun da wuri, yana sa naman ya yi danƙo ya koma kamar sosej. Albasa da tafarnuwa da citta da masoro kuwa, a sa yadda rai ke so. Ɗan garin daddawa yana yi masa kyau ƙwarai, ko da yake mun san yara za su ce ba haka na kanti yake ba.

Kasko mai nauyi ake so, a bari ya yi zafi sosai kafin nama ya hau, a kan gas ko a kan kurfoti. Mai kaɗan ya isa, tunda naman yana da nasa. A bar shi minti 4 zuwa 5 ba a taɓa ba, sannan a juya. Kada a danna shi da cokali. Wannan ruwan da ke tsiyaya yana ƙara a kasko, daɗin ne ke fita. Ma'aunin da hukumomin lafiya suka tsayar shi ne tsakiyar niƙaƙƙen nama ta kai digiri 71. Wanda ke da ma'aunin zafi na girki ya soka ya gani. Mafi yawanmu ba mu da shi, don haka muka ce a yi shi siriri, a tsaga ɗaya a duba: babu ja, babu ruwan jini, tururi na tashi daga tsakiya. Launi kaɗai yana iya ruɗi, don nama kan canza kala kafin ya kai wannan zafin, saboda haka in kuna shakka ku ƙara minti ɗaya. Wannan yayin na cin baga da ja a ciki da matasa ke gani a TikTok, kada ya shigo gidan da ke da yara, mai ciki ko tsoho.

Ga masu hawan jini, kuma babu layin da babu su a zango, gishiri ne abin lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Rabin ƙaramin cokali ya ishi laba ɗaya ta nama. Matsalar ita ce mu ba ma tsayawa a nan: a sa dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, a barbaɗa yajin tsire mai nasa gishirin da magin, a zuba shito, a ƙara kecap. A zaɓi ɗaya a bar sauran. Sosej da ake ɗorawa a sama kuwa, mu dai a ganinmu a bar shi gaba ɗaya. Tun 2015 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa irin wannan sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji.

Burodin ti ya fi na suga dacewa, ga masu ciwon suga da ma ga daɗin kansa, a ɗan gasa cikinsa a kasko don kada ya jiƙe. Latas a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta da ɗan binega, domin wasu lambunan cikin gari da ruwan magudana ake ba su ruwa. Sau da yawa kuma abin da ke raka baga ya fi shi ɓarna. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da suga wajen giram 35, ga soyayyen dankali a gefe. A gida sai a haɗa sobolo mai ɗan suga kaɗan, ko ruwa kawai. Baga ɗaya a mako ga mai lafiya ba abin tayar da hankali ba ne. Alhaji mai shan maganin hawan jini ma zai iya raba ɗaya da jikansa.

Saura maganar da ta shafi sana'armu kai tsaye. In yaro ya ci niƙaƙƙen nama, bayan kwana 3 ko 4 ya fara murɗar ciki mai tsanani da zawo mai jini, don Allah kada ku aiko a saya masa Flagyl ko maganin tsayar da zawo. Mun san al'adar, kowane zawo Flagyl. A irin wannan ciwon, maganin tsayar da zawo yana riƙe gubar a cikin hanji, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna iya ƙara haɗarin ta taɓa ƙoda. Ku fara ba shi ruwan ORS, ku kai shi asibiti a ranar, ku faɗa wa likita abin da ya ci da ranar da ya ci. Ko zawon ya lafa, ku ci gaba da sa ido har mako 2. In fitsarinsa ya ragu, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko ya kwanta lis ba ya son wasa, ko fuskarsa ta kumbura, ku koma asibiti ko da tsakar dare ne, kada ku biyo ta kantin magani.