Kafin mu ce iskoki ne, mu tambayi me yaron ya ci, me ya sha

A bara, ana dab da jarabawar BEPC, wani ɗalibina ya faɗi a tsakiyar aji, yana karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin azahar labari ya game unguwa: iskoki sun taɓa shi. An yi hayaƙi, an yi tofi. Sai da aka kai shi likita aka gano tramol yake sha, wai don ya kwana yana karatu.

Ni musulmi ne, ban musanta ruƙiyya ba. Amma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi mu ɗora wa aljannu duk wata cutar jijiya, mu bar tambayoyi biyu masu sauƙi: me mutum yake ci, me kuma yake sha?

Mu fara da ci. Jijiyoyi na buƙatar bitamin B12, shi kuwa a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Gero da masara ba su da shi. Gidan da tsadar rayuwa ta sa aka daɗe ana tuwo da miyar kuka zalla, to akwai haɗari. Kuma a hankali abin yake zuwa, domin hanta tana ajiye wannan bitamin na tsawon shekaru. Sai mutum ya fara jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, yatsu su sage, tafiya ta koma tangaɗi, ga mantuwa da kasala. In an gano da wuri, allura ko ƙwaya na gyarawa. In an yi sakaci, wata ɓarnar ba ta komawa. Mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metformin, B12 nasa na iya raguwa. Mai shan isoniazid na tarin fuka kuwa, B6 ne ke ragu masa, shi ya sa ake haɗa masa da shi.

Sai sha. Shayi mai ɗaci, Nescafé cokali uku a kofi guda, da lemon ƙara kuzari, duka kafeyin ne. In ya yi yawa, hannu ya yi rawa, zuciya ta yi ta bugawa, barci ya ƙaurace. Tramol ma asalinsa maganin zafin ciwo ne, dangin opiyom. Na likita yawanci miligiram 50 ne, amma masu talla a tire suna sayar da mai 200 ko 225. Yaro ya haɗiyi biyu ko uku, ina mamaki in ya faɗi kamar mai farfaɗiya?

Ba na cewa kowa ya ruga kanti ya sayi bitamin. Ciwon suga da kansa yana kashe jijiyoyin ƙafa, gwajin jini ne ke rarrabewa. Wanda kuwa bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko ɓarin jikinsa ya saki, a garzaya da shi likita nan take, kar a jira gobe.

Iyaye, ku duba aljihun ƴaƴanku a lokacin jarabawa. Mu malamai mu daina yabon ɗalibin da ya kwana bai runtsa ba. Hukuma kuma ta sa ido a kan maganin tire da ake sayarwa har ƙofar lakwal. A yi addu'a, a kuma je likita. Allah ya ba mu lafiya.