Yaƙin da ba a yi ba, da bashin da ya bar mana



Duk wanda yake Maraɗi cikin watan Agusta na 2023 ba zai manta dararen nan ba. Babu kuran, ga sauron damina, kowa ya fito ƙofar gida da tabarma, waya a hannu ana tattalin ɗan cajin da ya rage. A fadarmu shayi ma ya daina daɗi. Magana guda ce a bakin kowa: za su zo, ko ba za su zo ba? CEDEAO ta zauna a Abuja ranar 30 ga Yuli, kwana huɗu bayan juyin mulki, ta ba da wa'adin mako guda a mayar da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba za a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya. Ranar 10 ga Agusta kuma suka ce rundunar ko-ta-kwana ta ɗaura ɗamara.

Cikin ɗaya daga dararen nan gwaggota da ke aure a Jibiya ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba. Ta ce, "Ɗana, wai gaskiya ne abin ga da muke ji? To in sunka ce a harba, wa za a harba? Ɗiyana biyu na nan, ukku na wajenku." Na rasa abin da zan ce mata. Na ce ta yi ta addu'a, ta ce ai ita ke nan suke yi, sai caji ya ƙare.

Yaƙin bai zo ba. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi, cikin Maris iyaka ta buɗe, kowa ya koma neman abincinsa. Muka ce Allah ya kiyaye, muka wuce. Allah ne ya kiyaye, wannan ba gardama. Amma ta hannun wasu bayinsa ya kiyaye, kuma har yau ban ga mun zauna mun tambayi kanmu su wane ne, kuma me suka yi ba.

Ban ce talakawa su kaɗai suka hana ba. Mali da Burkina sun ce taɓa Nijar taɓa su ne. Aljeriya ta ce ba da ita ba. Hafsoshin soja ma sun iya lissafin kuɗi da na gawa. Sai dai kowa ya san rundunar nan ba ta iya motsi in babu Najeriya, kuma daga cikin gida aka riƙe wa Tinubu hannu. Sanatocin arewa suka fito fili suka ce ba su yarda ba. Ranar 5 ga Agusta, ana saura kwana guda wa'adi ya cika, majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da soja, ta ce a nemi sulhu. Matasa a Kano suka fito kan titi suna cewa ba su son yaƙi da Nijar. Ranar 9 ga wata Khalifa Muhammadu Sanusi II ya iso Yamai ya gana da Janar Tiani, a daidai lokacin da manyan wakilai ke zuwa suna komawa ba su gan shi ba. Bayan kwana ukku tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta biyo baya.

Waɗannan su ne sunayen da rediyo ya faɗa. Amma ku yi tunani. Sanata ba ya tashi haka kawai ya saɓa wa shugaban ƙasa sabon hawa. Ya san abin da ake faɗa a kasuwar Illela da ta Maigatari da ta Jibiya. Ya san jihohi bakwai ne ke jingine da mu, daga Kebbi har Borno, iyaka ta kusan kilomita 1,500, kuma da wuya ka samu gari a bakinta da babu surukin wani ko kabarin kakan wani a ɗaya ɓangaren. Direbobi, ƴan kasuwar hatsi, dillalan dabbobi, limaman unguwa, mata irin gwaggota, su suka riga suka yanke hukunci. Manya sun zo ne suka faɗi abin da ƙasa ta riga ta faɗa.

To ga inda abin ke damuna. Mutanen nan gwamnatinsu suka ce wa a'a. Mu kuwa a nan mun cika filin wasa na Seyni Kountché ranar 6 ga Agusta, mun ɗaga tuta, mun yi kirari. Na san da yawa cikinku kun je, kuma ban raina ba. Amma mu gaya wa juna gaskiya: wanda aka ɗaga wa sanda, in ya ce ba ya son duka, ba wani abin a yaba ya yi ba. Kowa na ƙin yaƙin da za a kawo ƙofar gidansu. Nauyin yana kan wanda sandar ke hannun ɗan gidansu, ya riƙe masa hannu a gaban jama'a, ya jure a ce masa maci amana. Su sun yi mana haka. In gobe daga ɓangarenmu ake kaɗa gangar, wa zai yi musu?

Kada wani ya ce ai tatsuniya nake. A Disamba 2024 hukumominmu suka zargi Najeriya da haɗa kai da Faransa don a hargitsa ƙasar nan, Abuja ta musanta. Ni ba alƙali ba ne a wannan. Abin da na gani shi ne yadda cikin kwana biyu Facebook da TikTok suka cika da zagi, yaran da ke cin tuwo iri ɗaya suna kiran juna maƙiya. Haka muke yi da mutanen Benin tun da aka shiga rikicin iyaka. Mu dawo cikin gida ma. A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji ɓarayin daji sun hana mutane barci, suna sace mutane da shanu, wannan gaskiya ce mai ciwo. Amma sau nawa ka ji a fada wani ya ce "ai duk Filani ne, a gama da su kawai", aka yi dariya, kai ma ka yi shiru? Ni dai na taɓa yin shirun, kuma har yanzu yana cin raina. Wanda ya ga abin da ya faru a Zamfara ya san inda irin maganar nan ke kai gari.

Idan an ce ƙin yaƙi, yawancinmu abin da ke zo mana a rai shi ne babbar zanga-zanga, titi ya cika maƙil, a ɗauki hoto. Ranar 15 ga Fabrairu 2003 miliyoyin mutane suka fito a Landan, Rum, Madrid da ɗaruruwan birane don hana Amurka da Ingila afka wa Iraƙi. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Taro ya watse da yamma, masu shirin yaƙi suka ci gaba da shirinsu da safe.

A cikin wannan shekara dai, nan kusa da mu, matan Laberiya suka yi wani abu daban. Ƙasarsu ta shafe shekaru cikin yaƙin basasa, Charles Taylor na kan mulki, ƴan tawaye na matsowa Monrobiya. Leymah Gbowee ta fara da matan coci. Wata ƴar sanda Musulma, Asatu Bah Kenneth, ta ce ita ma za ta kawo matan masallaci. Suka haɗu, abin da da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Daga watan Afrilu suka riƙa zama a wani fili kusa da kasuwar kifi, a bakin hanyar da ayarin motocin Taylor ke bi, sanye da fararen kaya, ko rana ko ruwa. Yawancinsu ƴan kasuwa ne da ƴan gudun hijira. Buƙatarsu ba ta da tsawo: a tsagaita wuta, a zauna a yi magana. Ba su ce suna bayan Taylor ba, ba su ce suna bayan ƴan tawaye ba, shi ya sa babu ɓangaren da ya iya sa su aljihu.

Da aka koma teburin sulhu a Ghana, suka tara kuɗi suka bi su can. Makonni suna wucewa, madugan yaƙi na kwana a otal suna jan magana, a gida kuwa ana ta binne mutane. Ranar da haƙurin matan ya ƙare, suka zauna a bakin ƙofar zauren suka sarƙe hannuwa, suka ce babu mai fita. Da jami'an tsaro suka zo kama Leymah, ta yi barazanar tuɓe kayanta, abin da a al'adarsu babbar la'ana ce ga namijin da ya gani. Mai shiga tsakani bai sa an kore su ba, ya mayar da mazan cikin zaure. Kun san ko wane ne? Janar Abdulsalami Abubakar, wanda shekara 20 bayan haka CEDEAO ta aiko mana Yamai. Taylor ya bar ƙasar ranar 11 ga Agusta 2003, aka sa hannu kan yarjejeniya ranar 18. Matan ba su kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba, amma sun hana kowa sakat har aka gama.

Abin da na ɗauka daga wajensu ba ya da wani ado. Sun san juna tun kafin ranar. Akwai mai tara kuɗin mota, akwai mai kawo ruwa, akwai wadda aka yarda ita ce za ta yi magana, akwai abin da aka yarda ba za a faɗa ba ko an tsokane su. Kuma sun dawo washegari, da jibi, da gata. Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Ku tambayi yayyenku labarin 2005, lokacin da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya sa Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka rufe shaguna saboda harajin da aka ɗora wa kayan masarufi, har gwamnatin Tandja ta ja da baya. Babu WhatsApp a lokacin. Ƙafa ce ta yi aiki, shago shago, tasha tasha.

Kuma mun san tsadar sakaci. Ranar 15 ga Maris 2020 aka fito a Yamai saboda binciken da ya nuna miliyar 76 na sefa sun salwanta a cinikin kayan soja, alhali ƴan watanni kafin nan mun binne sojojinmu na Inates da Shinagodar. Tambaya ce ta halal, kuma duk mai ƙin yaƙi dole ya riƙa yin ta: wa ke cin riba in yaƙi ya daɗe? Amma ranar ta ƙare da hayaƙi mai sa hawaye, da gobara a kasuwar Tagabati, da rasa rayuka, da jagorori a gidan kaso. Ba na ɗora wa waɗanda suka fito laifi. Ina cewa ne duk wanda zai kira ɗiyan mutane kan titi, ya fara tunanin yadda za su koma gida. Dokar zanga-zanga ta 2004 ta ce a sanar da hukuma a rubuce tun kafin ranar. A yi, ko da an san za a hana, don takardar ita ce shaida. A san hanyar shiga da ta fita. A sa masu kula da layi, don a kowane taro akwai wanda aka aiko ya fara jifa. Ku kuma tuna tun watan Yuni 2024 an mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka tura, ko da ya yi maka daɗi.

Na san halin da ake ciki. Yanzu ba lokacin da ake ba da izinin jerin gwano cikin sauƙi ba ne, kuma kalmar "zaman lafiya" kanta wasu na jin ta kamar zagin soja. Ni ina da ɗan uwa a cikin kaki, wallahi duk dare sai na tuna da shi. Ba na ganin son ya dawo gida da ransa cin amanar ƙasa ne. Amma mafi yawan aikin da nake magana a kai ba ya ma buƙatar titi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da nake roƙon kowace fada da ke bin shafin nan ta yi kafin zamanmu na gaba. Ku zauna ku rubuta mutanen da kuka sani a ƙetaren iyaka, Katsina, Sakkwato, Daura, Kano, Malanbil, waɗanda in wani labari ya tashi da tsakar dare za ku iya kira ku ji gaskiyarsa kafin ku yaɗa. Ku je ku gaida shugaban ƴan kabu-kabu na unguwarku, da uwar adashin kasuwa, da limamin da ke ja muku salla, ba don kuna neman komai ba yanzu, don su san fuskarku. Zumunta a ƙafa take. In akwai rugar Filani kusa da garinku, ko wani Bafillace da kuke sayen nono ko rago a wajensa shekara da shekaru ba ku san sunan mahaifinsa ba, ku gayyato shi shan shayi, ku bar shi ya yi magana. Za ku ji abin da ba ku so, ku daure. Sannan ku yanke shawara tsakaninku tun yanzu: ranar da wani ya ce "a gama da su" a kan tabarmarku, wa zai fara tanka masa?

A fadarmu mun yi namu zaman daren Juma'ar da ta wuce. Mu goma sha ɗaya ne, muka tara sunaye 34 a ƙetaren iyaka, na gwaggota na farko. Maganar gayyatar Bafillacen ce ta kawo gardama, mutum biyu suka tashi suka tafi. Ɗaya ya dawo washegari. Ɗayan zan je gidansu gobe in Allah ya kai mu.