Fim ɗin zane da ya tuna da maƙera da kutare

Mai neman tarihin Japan a finafinan samurai zai ƙoshi da takubba da fadawa, amma da wuya ya ga wanda ya ƙera takobin. Fim ɗin zane, wanda manya ke yi wa kallon abin rarrashin yara, shi ya fito da waɗannan mutane fili. A Princess Mononoke na 1997, Hayao Miyazaki ya koma zamanin Muromachi, tsakanin 1336 da 1573, bai ko leƙa fadar Kyoto ba. Jarumin ɗan ƙabilar Emishi ne, mutanen arewa maso gabas da sarauta ta ci da yaƙi ƙarnoni kafin nan. Garin da rikici ya ɓarke na masu narkar da tama ne: matan da aka fanso daga gidajen karuwai ke taka zuga-zugi, kutare ke harhaɗa bindigogi. Shugabarsu Eboshi tana cinye daji don ƙarfe, kuma ita kaɗai ta ɗauki kuturu mutum. Miyazaki ya ƙi mai da ita muguwa, kuma a ganina nan ya fi litattafan makaranta da yawa gaskiya.

Za a ce fim ɗin cike yake da iskokin daji, waɗanda addinin Shinto ke kira kami, me ya haɗa Musulmi da su? Ga uban da ke zaɓa wa ƙaramin yaro abin kallo, tambayar tana da nauyi. Sai dai mutumin da ya yarda kurmi yana da mai shi, saran itace a wurinsa tsokanar faɗa ne, kuma in aka cire kami ba za a gane fargabar masu gatarin ba. Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya a zaure, ba wanda ya koma bautar gunki.

Masu cewa zane ba ya ɗaukar kaya mai nauyi kuwa, su dubi finafinan Isao Takahata. A 1988 ya zana yunwar marayu biyu bayan ruwan bama-baman Kobe na 1945, daga labarin Akiyuki Nosaka. A 2013 ya ɗauko labarin mai saran gora, wanda ya haura shekara dubu, ya bar jarumar, Kaguya, tana kukan rabuwa da duniya yayin da ayarin mutanen wata, mai siffar zane-zanen addinin Buddha, ya sauko ɗaukarta.