BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: ƊAN DAMBE DA SANSANINSA

Kowace shekara, da zarar an yanke gero an ɗaure dammuna, hankalin samarin ƙasarmu ta Kebbe da Tambuwal yakan koma ga fage. Daga Fakku har Kuchi, daga Jabo har Dogon Daji, da wuya a rasa majalisar da ake musu a kan wanda zai kashe wani in an sa zare, ko ɓangaren da zai rinjayi wani tsakanin Kudu da Arewa da Guramada da Jamus. Mu ma ɗalibai ba a bar mu a baya ba, domin kuwa wayar hannu ta kawo mana fagen har cikin ɗakunan kwananmu. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika jin an yi ta ba a waɗannan majalisu, watau yadda ɗan damben ya yi makonnin da suka gabaci karawar: ina ya kwana, me ya ci, yaushe rabonsa da shan bugu, wa ya duba lafiyarsa. Ra'ayinmu shi ne, tun da dambe ya zama sana'ar da ake cin abinci da ita, lalle ne a ba shirin da ake yi kafin wasa irin muhimmancin da ake ba wasan kansa.

Bari mu fara da damben Turawa, domin a can ne aka daɗe da mayar da shiri ya zama ilimi. A bisa al'adarsu, in an ƙulla babbar karawa, ɗan dambe yakan bar gidansa ya tare a sansanin horo na tsawon mako 8 zuwa 12. Yana fita gudu tun da asuba, yana dukan buhu, yana tsallen igiya, ana kuma ɗauko masa abokan gwaji waɗanda tsayinsu da salonsu suka yi kama da na abokin karawarsa. Ana auna abincinsa, ana lura da barcinsa, kuma kafin ranar wasa sai ya hau sikeli a gaban jama'a don a tabbatar bai wuce nauyin rukuninsa ba.

Karawar Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974, ta ishe mu misali. Ali yana da shekara 32, Foreman yana da 25, ba a taɓa cin sa ba, kuma yawancin masana sun riga sun ba shi wasan. Ali ya kafa sansaninsa a N'Sele, a bakin kogin Kwango, ya saba da zafin ƙasar, ya kuma horar da jikinsa ga jure naushi yana jingine da igiya. Da aka shiga fage ya bar Foreman ya yi ta jibga har ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan ya kwantar da shi a turmi na 8. Akwai kuma wani darasi a cikin labarin wanda ba a cika ambata ba. Tun a watan Satumba aka shirya yin wasan, amma sai Foreman ya sami rauni a saman ido wajen gwaji. Ko da yake an yi wa kowannensu alkawarin dala miliyan 5, kuma idon duniya duka yana kan Zayar, sai da aka ɗage karawar fiye da wata guda har raunin ya warke. Mai karatu ya tambayi kansa, a wane gidan dambe na ƙasarmu za a fasa wasan Lahadi saboda girar ɗan wasa ta tsage?

Kada a ce wannan abu ne na mutanen nesa. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya zama zakaran duniya a Faris a 1957. Dick Tiger ya karɓi kambin duniya daga hannun Gene Fullmer a 1962, ya kuma kare shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a watan Agusta na 1963. Lambar farko da Nijeriya ta samu a wasannin Olamfik ta dambe ce, wadda Nojim Maiyegun ya ciwo a Tokyo a 1964. Haka ma maƙwabtanmu na Nijar, Issaka Dabore ne ya fara ciwo musu lamba, a Munich a 1972, shi ma da dambe. Duk waɗannan da horo mai tsari suka kai inda suka kai.

To, mu dawo gida. Kuskure ne babba a ɗauka cewa kakanninmu ba su san shiri ba. Dambe wasan mahauta ne tun asali, kuma wasa ne na kaka. Saurayin da zai shiga fage ya riga ya yi watanni yana noma da huɗa da girbi, ko yana kayar da bijimi a mahauta, saboda haka gona ita ce sansaninsa. Yana da ubangida wanda ya koya masa tsayuwar shago, da yadda ake naɗa zare, da yadda ake kare fuska da ɗaya hannun, shi ya sa har yau ake kiran ɗan dambe da sunan maigidansa, a ce Shagon wane ko Autan wane. Abu mafi muhimmanci kuma, da ruwa ya sauka kowa yakan kwance zare ya ɗauki fartanya. Damina hutu ce ga kai da haƙarƙari, ko da ba hutu ce ga baya ba. A cikin irin wannan tsari ne su Shago da Ɗandunawa suka yi zamaninsu, Muhammadu Bawa Ɗan Anace yana yi musu waƙa.

Yau kuwa kiɗa ya sauya. Akwai gidajen dambe na dindindin a Sabon Garin Kano, da Dei-Dei a Abuja, da Marabar Nyanya a Jihar Nasarawa, da sauran birane, inda ake karɓar kuɗin ƙofa rani da damina. Ana sa gasar mota da ta babur. Kamfanin African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, ya ƙulla yarjejeniya da tashar DAZN a 2025 domin a nuna dambenmu ga ƙasashen duniya. Ba mu ƙi wannan ci gaba ba ko kaɗan, hasali ma muna murna da ganin sana'ar talaka ta yi daraja. Manyan gasa irin waɗannan sun shigo da sikeli da ma'aikatan lafiya. Amma su 'yan kaɗan ne, kuma 'yan wasan da suka riga suka yi suna suke ɗauka. Yaron da ya bar Fakku bayan girbi ya tafi cin rani da zare a aljihu ba a can zai fara ba. Zai fara ne a gidan da abincinsa na yau ya dogara ga shigarsa fage yau, in ya sha kisa da safe ba abin da zai hana shi sake fitowa da yamma. An ɗauke masa hutun damina, ba a kuwa ba shi wani a madadinsa ba. A nan ne matsalar take.

Ya kamata mu da muka sami damar karatu mu bayyana wa 'yan'uwanmu abin da ke faruwa a cikin kai sa'ad da naushi ya sauka. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi wadda take zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In dunƙule ya sami muƙamuƙi, kai yakan juya da sauri, ƙwaƙwalwar ta girgiza ta bugi ƙashi, shi ne mutum yake ganin duhu ya faɗi. Tana bukatar makonni kafin ta koma daidai, kuma bugu na biyu kafin ta warke ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Wani lokaci kuma ƙaramar jijiya ce take tsinkewa, jini ya riƙa taruwa sannu a hankali. Mutum zai tashi ya karɓi kari, ya yi raha da abokansa, can da dare ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci mai nauyi ya ɗauke shi. Wanda ya kai wannan hali ba jiƙo yake bukata ba, likitan tiyata yake bukata cikin gaggawa, ga shi kuwa daga Fakku zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tafiya ce mai nisa. Daɗin daɗawa, ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramadol, waɗanda suka addabi samarin ƙasar nan, suna rufe bakin ciwo ne kawai, alhali ciwo shi ne ɗan aiken da ke gaya wa mutum ya dakata.

Turawan ma ba da arha suka koyi wannan darasi ba. A watan Nuwamba na 1982 ɗan Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya faɗi a turmi na 14 a karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Bayan haka ne aka rage turamen gasar duniya daga 15 zuwa 12. A Ingila ba a sabunta wa ɗan dambe lasisi sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, wanda aka kwantar kuma akan dakatar da shi na tsawon makonni. Kusa da mu, ranar 29 ga Maris, 2025, tsohon zakaran Nijeriya, Segun Olanrewaju, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na 3 a filin Bukom da ke Accra, rai ya yi halinsa. In haka ta faru a inda ake da safar hannu da alƙalai da hukuma, ina ga fagen da babu ko ɗaya?

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Dattawan fage suna cewa daɗin dambe shi ne a ga ƙaramin yaro ya kashe ƙato, in an kawo sikeli an kashe jarunta. Amsarmu ita ce, a da ma ba a sa zare da ka. Sarkin dambe da iyayen gida su ne sikelin, sun san wanda ya isa da wanda bai isa ba, kuma ubangida na ƙwarai ba ya tura yaronsa ga halaka. Abin da ya raunana wannan hukunci shi ne kuɗin ƙofa da caca, domin mai gida ya fi samun ciniki ranar da jini ya zuba. Wasu kuma suna cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne, mun yi imani da wannan, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Akwai kuma 'yan'uwanmu 'yan boko masu ganin a hana damben baki ɗaya. Waɗannan muna tuna musu cewa abin da aka kora daga fili ba ya mutuwa, lungu yake komawa, inda ba mai gani balle ya tsawata.

Ba sai mun je Amurka neman abin koyi ba. Tun 1975, sa'ad da aka fara gasar takobi a Tawa, Jamhuriyar Nijar ta ɗauki kokawar gargajiya ta yi mata tsari. Kowace jiha daga cikin jihohi 8 takan tace 'yan kokawarta, ta zaɓi 10, ta tara su wuri guda su yi shiri kafin a haɗu. Ba a rasa makaɗa ba, ba a rasa kirari da layu ba, kokawar ba ta zama ta Turawa ba, sai ma ƙara kwarjini da ta yi. Abin da ya yiwu a Tawa da Maraɗi zai yiwu a Sakkwato.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa huɗu. Na farko, ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, tare da sarakunan dambe da sarakunan fawa, su yi rajistar 'yan wasan yankinsu, kowa da katinsa, a riƙa rubuta ranar da ya yi wasa da ranar da aka kashe shi. Na biyu, duk wanda ya faɗi da bugun kai a hana shi sa zare har wata guda, kuma a ware masa wani abu daga kuɗin ƙofa don kada yunwa ta mayar da shi fage. Na uku, kada a buga kalangu a wasan da ake karɓar kuɗi sai da ma'aikacin lafiya a gefe da mota a tsaye. Na huɗu, ma'aikatar wasanni ta jiha ta kafa sansani na 'yan makonni kafin kowace babbar gasa, tsofaffin 'yan dambe su koyar da fasaha, masana motsa jiki su kula da gudu da abinci. In ba a yi haka ba, za mu ci gaba da ganin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ma akwai namu kason. A cikinmu akwai masu karatun likita da na jinya da na shari'a, kuma hutu yana mayar da mu garuruwanmu. Ba abin da zai ragu a jikin ɗalibi in ya zauna da samarin unguwarsu ya koya musu alamomin bugun kai, ko ya karanta wa wani takardar yarjejeniya kafin ya dangwala hannu. Waɗannan samari ƙannenmu ne da yayyenmu, tare muka yi kiwo, tare muka yi makarantar allo, abin da ya raba mu kawai shi ne mu an ba mu alƙalami, su an ba su zare.

In an sa zare a bana, ya ku 'yan'uwa, kafin mu shiga musun wanda zai yi kisa, mu fara tambayar yaushe kowannensu ya yi wasansa na ƙarshe, da wanda ya duba shi bayan nan. Allah Ya kai mu kaka lafiya, Ya kuma mayar da kowane ɗan wasa gaban iyayensa da ƙafafunsa, amin.