Tsalle da Keken Tsauni: Wai Zuciya Ce Kawai?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba baƙon abu ba ne yanzu ka shiga ɗakunan kwananmu ka tarar da samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, suna kallon mutanen nan masu faɗowa daga kan duwatsu bisa keke. Kallon ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne hukuncin da ake yankewa bayan an gama, wai ai abin zuciya ne kawai, mai zuciya ya rufe ido ya saki keke. Har ta kai in aka ga wani yana ta maimaita tsallake ɗan tudun da bai wuce gwiwa ba, sai a bushe da dariya a ce masa matsoraci. To ni na ce wannan magana ƙarya ce, ƙarya kuwa mai karya ƙashi.

Mu da ke nazarin Hausa mu ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan hukunci. Bahaushe bai taɓa zuba jarumta da ganganci a ƙwarya ɗaya ba. Jarumi ya san abin da zai tarar, ya shirya masa, sa'an nan ya tunkare shi. Wanda ya afka bai sani ba kuwa, harshenmu ya tanadar masa sunaye har da saura: ganganci, karambani, wauta. Yaya za a yi ɗalibin jami'a ya kasa rarrabe abin da kakarsa ta rarrabe ba ta je aji ba?

Mu ajiye harshe, mu ɗauki lissafi, gama ƙasa ba ta san mai zuciya ba. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 16 cikin awa. Daga mita 4, gudun ya ninka ya kai wajen kilomita 32, amma ƙarfin dukan da jiki da keke za su shanye ya ninka sau 4. Watau duk takin da ka ƙara a sama, bashi ne ka ci, a ƙasa za ka biya. Gwanaye ba su soke wannan bashi ba, dabarar biyansa suka koya. Shi ya sa ba za ka ga gwani ya dira daga wuri mai tsawo a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. A gangare yake sauka, domin gangaren ya karɓi yawancin faɗuwar ya mayar da ita gudu. Yana daidaita keken tun a sama ya yi daidai da karkatar gangaren, tayoyin biyu su taɓa ƙasa kusan tare, gwiwoyi da gwiwar hannu a sake su lanƙwashe su sha sauran dukan. Wanda tsoro ya sa ya sandare, shi ne keke kan yi wa tutsu.

Akwai kuma abubuwan da hankali ba ya ba mutum su sai an koya masa. Mai tsoro kan damƙe birki yana sama, alhali tsayar da taya a cikin iska kan sa goshin keke ya sunkuya, mahayi ya wuntsila ta kansa. Wani kuma yana isa bakin gaɓa sai ya fizgo kan keke da ƙarfin hannu, keken ya karkace, maimakon ya tura shi gaba ya ɗan ja jikinsa baya don kada tayar gaba ta riga faɗawa. Ido ma yana da aikinsa, inda za a sauka ake kallo, ba ramin da ke tsakani ba. Sai babbar magana, gudu. In ya gaza, tayar baya ta doki leɓen wurin sauka. In ya yi yawa, ka wuce gangaren duka ka dira a fili. Don haka ne mai koyo kan bi bayan wanda ya san wurin, ya ɗauki gudunsa. Ku gaya mini, a cikin waɗannan duka wanne ne zuciya ke koyarwa?

Masu gardama za su kawo mini gasar Red Bull Rampage, wadda aka fara a 2001 a duwatsun jihar Yuta ta Amurka, su ce ga shaida. Na yarda a je can ɗin. A 2013 Kelly McGarry, mutumin New Zealand, ya yi alkafura ta baya bisa wani kwazazzabo mai faɗin ƙafa 72. Abin da waya ba ta nuna muku shi ne, kafin ranar gasa mahayan kan yi kwanaki tare da mataimakansu da shebur da diga, suna gyara wurin tashi da wurin sauka, suna awo, suna jiran iska ta kwanta. Kekunansu kuma suna da sifirin gaba da baya mai lotsawa wajen milimita 200, ga hular kwano mai rufe haɓa. Duk da wannan shiri, a 2015 Paul Basagoitia ya faɗi a gasar, ƙashin bayansa ya karye, lakarsa ta taɓu. In haka ta sami wanda ya yi shekaru yana abin, ina ga wanda jarinsa ke nan zugar abokai? Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

A wuraren da aka ɗauki wasan da gaske, kamar filin kekuna na Whistler a Kanada, an kasa hanyoyi da launi, kore na mai fara koyo, shuɗi na matsakaici, baƙi na ƙwararre. Mai koyon tsalle kan fara da tudun da suke kira tebur, wanda aka cike tsakaninsa da ƙasa, yadda in gudu ya gaza sai ka sauka a kan tudun lafiya. Sai ya iya wannan har ya gundure shi kafin ya nufi mai rami a tsakiya. Ashe abin da muke yi wa dariya a nan shi ne manhajar karatun a can.

Wani aboki mai ɗan karance-karance ya ce mini ai su ma waɗanda suka ƙago wasan da tsofaffin kekuna suka fara. Gaskiya ne. A 1976 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suka fara tseren gangarowa da ake kira Repack da tsofaffin kekunan Schwinn, sunan ma ya samo asali ne daga yadda birki ke ƙone maikonsa sai an sake cusa wani. Amma gangarowa suke yi a kan hanyar ƙasa, ba kwazazzabo suke tsallakewa ba. Kuma da suka ga kekunan ba sa jurewa ba su ce zuciya za ta rufe giɓin ba, Joe Breeze zama ya yi ya ƙera sabon keke don wannan aiki a 1977.

Abin da ya fi damuna ba mu ba ne, ƙannenmu ne. Muna komawa gida hutu da wayoyin nan, su kalla, su ji muna kirarin zuciya, gobe su ɗauki Phoenix ɗin Baba ko wani keken gwanjo mai kamar na tsauni su nufi bakin kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, ba hula, ba gangaren sauka. In ƙashin kafaɗa ne ya karye, mai ɗori ya ɗora. Laka fa, wa ke ɗora ta?

Wanda bai gamsu ba, ga fili nan a fitowa ta gaba. Sai dai ina roƙonsa kada ya zo mini da kirari. Ya faɗa mana tsayin wurin da ya dira, da irin ƙasar da ya sauka a kai, da yawan ƙananan da ya yi kafin wannan.