Wa Ya Cancanci Ya Yi Wa Karen Gida Allura?



Yau maganarmu a kan kare take. Daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Damagaram, gidajen ƴan kasuwa da na ma'aikata da dama suna da kare, wasu domin gadi, wasu domin sha'awar yara. Amma in ka tambayi maigida wane ne likitan karensa, sai ya kece da dariya. Ya san makanikin motarsa, ya san telan iyalinsa, amma dabbar da ke kwana tsakar gida tare da ƴaƴansa, duk wanda ya biyo da jaka da sirinji shi ne gwani.

Wannan sakaci yana da tsada, kuma sunan tsadar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Daga wurin cizo take bin jijiya sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata 2 zuwa 3. Da zarar alamunta sun bayyana, sai dai a yi shirin jana'iza. Alhali kuwa rigakafinta ya samu tun 1885, lokacin da Luwi Fastar ya ceci wani yaro da shi a Faransa. Ashe ke nan wanda ka ba amanar karenka, amanar ƴaƴanka da na maƙwabta ka ba shi.

To, yaya ake gane na ƙwarai? Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya sa tsinke ya ga ƙwaya. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a bincika.

Na farko, matsayinsa. Akwai cikakken likitan dabbobi, wanda ya yi shekaru a jami'a. Da yawa daga cikin namu sun fito ne daga makarantar likitancin dabbobi ta Dakar, wadda aka kafa a 1968. Akwai ma'aikatan kiwo na gwamnati da ke ƙarƙashin likitoci, akwai kuma mataimaka na karkara da aka ba ɗan gajeren horo domin shanu da awaki. Kowannensu yana da amfaninsa, kowanne kuma da iyakarsa. Mai sayar da ƙwayoyi a kan tebur a kasuwa ba ya cikin wannan jeri ko kaɗan. In kana shakka, je ma'aikatar kiwo ta garinku ka tambaya ko sun san mutumin. Mai gaskiya ba ya fushi don an nemi shaidarsa.

Na biyu, sanyi. Maganin rigakafi yana son a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ga ɗaukewar wutar lantarki. Kwalbar da ta yini a aljihu ko a akwatin babur, babu mai iya rantsuwa a kan ƙarfinta. Haɗarin a nan ya ninka, domin maigida zai saki jiki yana cewa karensa ya sha allura. Saboda haka ka ga firigon da idonka, in kuma a gida za a yi, a zo da maganin cikin akwatin ƙanƙara. Duba kuma ranar lalacewarsa a jikin kwalba.

Na uku, takarda. Mai aikin gaskiya yakan ba da karne, ya rubuta ranar allura, ya manna ƴar takardar jikin kwalba mai ɗauke da lambar maganin, ya sa hannu ya buga hatimi, sa'an nan ya faɗi ranar da za a dawo. Ana fara allurar haukan kare ne in ɗan kwikwiyo ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa bisa ƙa'idar maganin, galibi shekara-shekara. Ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci aka tafi gaban hukuma, wannan karne ne zai yi maka magana.

Na huɗu, yadda yake aiki. Likitan kirki yakan yi tambaya kafin ya taɓa sirinji: me karen ke ci, yaushe ya daina ci, akwai amai ko zawo? Yakan auna zafin jiki, ya duba dasashi, ya nemi kaska a kunne da tsakanin yatsu, ya ƙiyasta nauyi kafin ya yanke yawan magani. Ka guji wanda ke ɗura wa kare maganin shanu da ka, ko maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, wanda ke cin ciki da ƙodar kare. Haka nan mai wanke shi da maganin feshin gona don kashe kaska: yakan kashe kaskar har da mai ɗauke da ita. Ragin ƴan ɗaruruwan da za a yi maka bai kai wannan asara ba. Araha ba ta ado.

Akwai kuma maigadi ko yaron gida, wanda a hannunsa kare yake in maigida ya yi tafiyar fatauci ko aiki ya kai shi wata jiha. A bar masa lambar wayar likita, a gaya masa ruwa da inuwa wajibi ne, kada kuma ya saki kare da dare ya shiga garken karnukan bola. In ya ga halin karen ya sauya, yana dalalar da miyau ko yana cizon iska, ya nisance shi, ya kira likita nan take.

In kuwa ƙaddara ta faɗa aka yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ɗan ƙarzane ne. Kada a tsaya ɗaura gashin kare a kan ciwo. Kada kuma a yi gaggawar kashe karen a yar. In ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, likitan dabbobi zai sa masa ido kwana 10 zuwa 15, abin da ya gani kuma zai taimaki masu jinyar wanda aka ciza.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara duniya ke tunawa da wannan cuta, da burin a daina mutuwa daga cizon kare kafin 2030. Masana sun ce in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan yanke. Kason kowa yana tsakar gidansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a nemi likita tun kare yana kaɗa wutsiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.